Matasan Kirista da zamani: me muka danƙa musu?

Idan iyaye Kiristoci suka zauna suna maganar 'ya'yansu, da wuya hirar ta yi nisa ba a ambaci zamani ba. Zamani ne ya sa yarinyar da ta taso tana waƙa a gaban ikilisiya yanzu sai an kai ruwa rana kafin ta tashi ranar Lahadi. Zamani ne ya sa yaron da ya tafi jami'a da Littafi Mai Tsarki a jakarsa ya dawo hutu yana cewa shi fa yana da Allah a zuciyarsa, amma coci ya fita daga ransa. Daga nan sai a kama sunan waya, a tsine wa TikTok, a yi addu'a a watse. Damuwar gaskiya ce, kuma ina cikin masu ita. Sai dai ina ganin mun yi saurin samun wanda za mu ɗora wa laifi, mun kuma zaɓi wanda ba zai iya mayar mana da magana ba. A ganina, yawancin matasan da zamani ya kwashe, abin da gida da ikilisiya suka danƙa musu ne bai yi nauyin da zai riƙe su ba.

Raguwar kam babu musu a kanta a wasu ƙasashe. Cibiyar bincike ta Pew ta samu cewa a shekarar 2007 kashi 78 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna kiran kansu Kiristoci. A binciken da ta yi tsakanin 2023 da 2024 sun koma kashi 62, a cikin 'yan shekara 18 zuwa 24 kuwa kashi 46 ne kacal. A Ingila da Wales ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46.2, daga 59.3 shekaru goma kafin nan, karo na farko ke nan da suka gaza rabin jama'a. Wani zai ce ai wannan ciwon Turawa ne, tunda a Afirka Kiristocin da ba su wuce miliyan 10 ba a 1900 sun haura miliyan 600 zuwa 2018, har sun fi na kowace nahiya yawa. Haka ne, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A farkon shekarun 1970, kusan 9 cikin 10 na 'yan Katolikan Ireland suna zuwa sujada kowace Lahadi. 'Ya'yan waɗannan mutanen ne suka riƙa janye jiki a shekarun 1990, daidai lokacin da abin kunyar cin zarafin yara a hannun limamai, wanda aka daɗe ana binnewa, ya fara fitowa fili. Wayar iPhone kuwa ba ta fito ba sai 2007. Kujerun sun fara zama ba kowa tun intanet bai shiga aljihun yara ba.

Ban ce waya ba ta da hannu ba. Tana da shi dumu-dumu, kuma ya kamata mu san yadda take aikinta. Manhajojin sada zumunta an ƙera su ne don su riƙe ido, domin da lokacin mai kallo ake sayar da talla. Duk bidiyon da ka ɗan tsaya a kai ana lissafa shi, a kawo maka ɗan'uwansa, shafin kuma ba shi da ƙarshe da za ka kai ka ce na gama. A 2023 babban jami'in lafiyar al'umma na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi kan lamarin, inda ya kawo cewa yara 'yan sakandare na shafe kimanin sa'o'i 3 da rabi a kullum a waɗannan shafuka. A ƙarshen 2024 majalisar Ostireliya ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a cikinsu. Sa'o'i 3 da rabin nan, a mako guda ke nan yaro ya yi fiye da sa'o'i 24 a gaban malamin da ba ya gajiya, ikilisiya kuma ta same shi na sa'a biyu ko uku, rabinsu yana gyangyaɗi. Wannan malamin ba kasafai yake cewa babu Allah ba. Darasinsa ya fi haka laushi: darajarka ita ce yawan masu kallonka, jikinka haja ne, kuɗi su ne shaidar cewa ka yi hankali, zama shiru na minti biyar kuma azaba ne. Na ƙarshen nan ya fi damuna, domin wanda ba ya iya zama shiru addu'a za ta yi masa wuya.

Amma me wannan darasin ya tarar a zuciyar yaron? Tambayar da muke gudu ke nan. A 2005 masanin zamantakewa Christian Smith da abokiyar aikinsa Melinda Denton sun wallafa sakamakon wani babban bincike da suka yi a kan matasan Amurka fiye da 3,000. Ba su tarar da 'yan tawaye ba. Yawancin yaran ba su da wani faɗa da addinin iyayensu, sai dai ba su iya faɗin abin da ya ƙunsa. Da aka bi maganganunsu, abin da suka gaskata ya taƙaita ne a kan cewa akwai Allah, yana son mutane su zama na kirki, manufar rayuwa ita ce jin daɗi da kwanciyar rai, ba a bukatarsa sosai sai matsala ta taso, mutanen kirki kuma za su shiga sama. Babu gicciye a ciki, babu tuba, babu tashin matattu, babu wani abu da zai sa mutum ya yi asarar ko da aboki ɗaya. Abin da ya fi ciwo, masu binciken sun ce ba yaran ne suka ƙirƙiro wannan addinin ba. A wurin manya suka same shi.

Duk wanda ya daɗe a cikin ikilisiya ya san wannan hoton, ko a wace ƙasa yake. A gefe ɗaya akwai wa'azin da ya mayar da Allah mai biyan bukata: ka ba da baiko, ka yi azumi, ƙofa za ta buɗe. Matashin da aka rena da wannan zai riƙe shi har ranar da ya yi azumin, ya ba da baikon, ƙofar kuma ta ƙi buɗewa. A ɗaya gefen akwai Kiristancin jerin hani, kada ki sa wannan, kada ka ji wancan, kada a gan ku tare, ba tare da an taɓa zaunar da yaro an nuna masa abin da ake kiyayewa da hanin ba. Tsakaninsu kuma ga zumuntar matasan da ta koma gasa da duniya wajen kiɗa da fitilu, gasar da ba za mu taɓa ci ba, domin masu nishaɗi sun fi mu kuɗi sun fi mu gwaninta. Yaro zai iya wucewa ta cikin waɗannan duka har ya kai shekara ashirin, a tambaye shi me ya sa shi Kirista ne, ya ce a gidan Kirista aka haife shi.

Akwai wata tsohuwar wasiƙa ta wajen ƙarni na 2, wadda wani Kirista da ba a san sunansa ba ya rubuta wa wani mai suna Diyognitus, yana yi masa bayanin su wane ne waɗannan mutane. Ya ce ba ƙasa ko harshe ko al'ada ce ta bambanta su da sauran jama'a ba, suna sa tufar da mutanen garinsu ke sawa, suna cin abin da ake ci. Amma suna aure su haihu ba sa jefar da jariransu, suna tarayya a abinci ba sa tarayya a shimfiɗa, ana zaginsu suna sa albarka. A wurin marubucin nan, ana gane Kirista ne ta abin da yake yi da jariri marar gata da matar maƙwabci da maƙiyi. Mu kuwa sau da yawa mun kai shaidar kan abin wuya mai gicciye da ayar da aka liƙa a shafin WhatsApp, sa'an nan mu yi mamaki idan ta ɓare.

Masu ganin maganin shi ne a kulle yara, a ƙwace waya, a toshe kowace kafa, ina so su ji labarin Alifiyus. Agustin, babban malamin ikilisiya da aka haifa a 354 a garin Tagaste da ke Aljeriya ta yau, shi ya rubuta labarin wannan abokin nasa. Alifiyus ya tafi Roma karatun shari'a, yana ƙyamar wasan da ake haɗa mutane su kashe juna a gaban 'yan kallo. Wata rana abokan karatunsa suka ci karo da shi a hanya, suka ja shi da ƙarfi cikin raha zuwa filin wasan. Ya ce musu za su iya jan jikinsa, amma ba za su iya jan idonsa da zuciyarsa ba. Suka sami wuri suka zauna, ya runtse ido gam. Can wani daga cikin masu faɗan ya faɗi, filin gaba ɗaya ya ɗauki ihu. Idon ya rufe, kunnen kuwa a buɗe yake. Ya ce bari ya ɗan duba, ai ko mene ne zai rena shi. Da ya ga jinin bai kau da kai ba. Ya zuba ido, ya yi ihu tare da masu ihu, ya bar wurin da ƙishin komowa, daga baya har ya riga waɗanda suka ja shi zuwa, yana jan waɗansu. Hukuncin Agustin a kansa shi ne ƙarfin hali gare shi ba ƙarfin zuciya ba, domin da kansa ya dogara. Fiye da shekara 1,600 ke nan, amma duk wanda ya taɓa ganin yaron kirki ya faɗa kallon batsa ko cacar intanet ta hannun abokai zai gane kowace gaɓa ta labarin. Alifiyus yana da ƙa'ida mai kyau. Abin da ya rasa a ranar shi ne ko mutum ɗaya a gefensa mai irin ƙa'idarsa, da kuma abin da yake ƙauna fiye da ihun taron.

Daniyel da abokansa uku sun sami abubuwan nan biyu. An kwashe su zuwa Babila suna samari, aka sa su makarantar fada ta shekara uku, aka koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa, aka sauya musu sunaye. Ba su yi gardama a kan karatun ba, har ma sun fi kowa. A wuri ɗaya suka ja layi, a kan abincin sarki, kuma da ladabi suka ja shi, suka roƙi a gwada su kwana goma. Su huɗu ne, ba ɗaya ba. Shekaru da yawa bayan haka, da aka kafa dokar hana addu'a, sura ta 6 ta ce Daniyel ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba. Sabon nan shi ne asirin. Bai ƙirƙiro jaruntaka a ranar ba, abin da yake yi kullum ne ya ci gaba da yi. Irin wannan hikimar ta sanin abin da za a karɓa da inda za a tsaya ita muke bukata a koya wa matasa game da fasaha da kimiyya da kiɗa da duk sauran kayan zamani. Carlo Acutis, yaron nan ɗan Italiya da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, wanda Cocin Katolika ya sa cikin tsarkaka a 2025, gwanin kwamfuta ne, shafin intanet ya gina don hidimar bangaskiyarsa. Ba tsoron na'urar aka koya masa ba.

Sai maganar tambaya, wadda a nan nake ganin muka fi yin ɓarna. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ta ɗaga hannu a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki. Mahaifiyarta ta rasu bara, bayan ikilisiya gaba ɗaya ta yi azumi dominta. Muryarta na rawa ta ce, "Malam, in Allah yana jin addu'a, me ya sa bai ji tamu ba?" Ajin ya yi tsit. Malamin ya gyara tsayuwa ya ce, "'Yata, ba a yi wa Allah tambaya. Ki ƙara bangaskiya." Ta sauke hannu. Ba za ta sāke ɗaga shi ba, amma tambayar ba ta mutu ba. Da dare za ta rubuta ta a waya, a can kuwa akwai masu amsa da yawa, wasunsu sun fi malaminta haƙuri, kuma ba sa fatan ta koma ajin. Abin takaicin shi ne littafin da ke hannun malamin cike yake da irin tambayarta. Habakuk ya buɗe annabcinsa da tambayar har yaushe zai yi ta kuka Ubangiji bai ji ba. Zabura ta 88 ta ƙare a cikin duhu ba tare da ta'aziyya ba, aka kuma bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Toma ya ce sai ya gani, Yesu bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa. Yesu kansa a kan gicciye tambaya ya yi. Malamin da zai iya cewa, "Ban sani ba, 'yata, ni ma ya yi mini ciwo, zo mu karanta Ayuba tare," ya yi wa yarinyar nan wa'azin da ya fi na shekara guda.

Dole kuma mu faɗi abin da ba ma son faɗa. Matasa suna gani. A Oktoban 2021 wani kwamiti mai zaman kansa a Faransa, ƙarƙashin Jean-Marc Sauvé, ya ƙiyasta cewa yara kimanin 216,000 ne limaman coci suka ci zarafinsu tun daga 1950. A Nuwamban 2024 Justin Welby, babban limamin Canterbury mai jagorantar Cocin Ingila a lokacin, ya sanar da murabus ɗinsa bayan wani rahoto ya nuna gazawar cocinsa wajen ɗaukar mataki a kan wani mai cin zarafin samari. Babu ɗarikar da za ta nuna wata da yatsa. Kuma ba sai an kai ga irin waɗannan manyan laifuka ba. Yarinyar da aka tsayar a gaban jama'a aka hore ta saboda ta yi ciki, alhali dattijo mai kuɗi da kowa ya san halinsa yana zaune a kujerar gaba, ta koya wa duk sa'o'inta darasi a ranar. Idan irin waɗannan yaran suka ce suna son Yesu amma ba sa son coci, kafin mu ce shaiɗan ne ya shiga tsakani, mu tambayi kanmu abin da suka gani.

Ikilisiyar farko ba ta ɗauki zama Kirista abin gado ba. Wani tsohon kundin tsarin ikilisiya na ƙarnonin farko ya nuna mai neman baftisma yakan yi shekara uku yana koyo. Ana tambayar sana'arsa tun daga ƙofa, kafin a yi masa baftisma kuma a bincika ko ya girmama gwauraye, ko ya ziyarci marasa lafiya. Hali ake dubawa, kuma akwai wanda ya kawo shi da zai tsaya masa shaida. Ba ina cewa mu dawo da tsarin yadda yake ba, amma akwai abin dubawa a nan: an ɗauki sabon mai bi da muhimmanci har aka nemi abu mai wuya daga gare shi. Mu kuwa muna tsoron nema, kada su gudu. Na gaskata matasa sun fi gudun wurin da ba a bukatarsu. A ba su aiki na gaske, su ziyarci marasa lafiya, su koyar da ƙanana, su zauna a inda ake yanke shawara a ji ta bakinsu, ba jera kujeru kaɗai ba.

Gida kuma ya fi coci nauyi a wannan aikin. Vern Bengtson ya bi iyalai fiye da 350 a Kalifoniya na tsawon shekara 35, ya wallafa abin da ya gano a 2013. Cikin abubuwan da suka fi tasiri wajen ko 'ya'ya za su riƙe addinin iyayensu akwai kusanci da ɗumin zuciya tsakaninsu, musamman da uba. Uba mai zafin ibada amma marar sakin fuska yakan rasa 'ya'yansa. Wannan ya kamata ya tsayar da kowane uba da ke tara iyali addu'ar safe da tsawa, wanda 'ya'yansa ba su taɓa jin ya ce wa mahaifiyarsu ta yi haƙuri ba.

Ku ma matasa, ƙannena, akwai naku kason. Munafuncin wani dattijo ba ya tayar da Almasihu ko ya mayar da shi kabari, tambayar ko ya tashi tana nan tana jiranku, kuma ta cancanci ku bincike ta da gaske, fiye da bidiyon minti ɗaya. Zamani yana ce muku ku zama kanku, amma ku lura da yadda masu faɗin hakan suke ƙarewa da tufa iri ɗaya, magana iri ɗaya, fushi iri ɗaya. A shekarar 203 a birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau an kama wata matashiya mai suna Perpetuwa saboda bangaskiyarta, 'yar kimanin shekara 22, tana shayar da jariri. Mahaifinta ya zo yana roƙonta ta janye. Ta nuna masa wani tulu da ke wurin, ta tambaye shi ko za a iya kiransa da wani suna ban da abin da yake. Ya ce a'a. Ta ce haka ita ma ba za ta iya kiran kanta wani abu ba sai Kirista. Ba a ma yi mata baftisma ba tukuna lokacin da aka kama ta. Ba kowa za a nemi ransa ba, amma kowa za a nemi wani abu, ko aboki ne, ko saurayi, ko aikin da ke bukatar ƙarya.

Waɗanda suka riga suka tafi fa? A nan ma ina ganin muna saurin yanke ƙauna, wasu iyayen har su ce yaro ya bar musu gida, wasu ikilisiyoyin kuma su share suna bayan 'yan watanni ba wanda ya taka ya je. Agustin ɗin nan da muke taƙama da shi, yana ɗan shekara 19 ya bi ɗarikar Manikiyawa, mabiya wani addini dabam, ya yi shekara tara a cikinta yana yi wa bangaskiyar mahaifiyarsa ba'a. Mahaifiyar tasa, Monika, da farko ta hana shi zama a gidanta, daga baya ta sauko ta karɓe shi. Ta je wurin wani bishop ta roƙe shi ya yi muhawara da ɗanta, ya ƙi, ya ce yaron bai shirya ji ba tukuna, ta bar shi ta yi ta addu'a, karatunsa ma zai nuna masa kuskuren. Ta bi shi har Milan. A can ya haɗu da Bishop Ambros, kuma shi da kansa ya rubuta cewa da farko ba a matsayin mai koyar da gaskiya ya ƙaunaci mutumin ba, domin a lokacin ya fid da rai zai sami gaskiya a ikilisiya. Ya ƙaunace shi ne don ya yi masa kirki. Ya riƙa zuwa jin wa'azinsa don ya auna iya maganarsa kawai, ma'anar ta riƙa shiga tare da kalmomin. An yi masa baftisma a Ista ta shekarar 387, yana da shekara 32, Monika kuma ta rasu a cikin shekarar.